SSD mai sauri ko mai faɗi: wanne ya fi dacewa da tarin wasannin kwamfuta?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwamfutata tana da SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta lantarki mai sauri, guda ɗaya mai gigabait 500, a kansa Windows take, a kansa kuma nake ɗora wasanni. Wasannin yanzu sun yi girman da wannan wuri ba ya isa, domin Baldur's Gate 3 kaɗai yana neman gigabait 150, Starfield kuma 125, saboda haka da zarar na ɗora manya guda biyu sai na goge ɗaya kafin na sauke wani. Abin da ya fi damuna shi ne intanet ɗina ba shi da sauri, wasa ɗaya yakan ɗauke ni kwana biyu kafin ya gama sauka. Babban allon kwamfutar yana da gurbin M.2, wato inda ake soka ƙaramin SSD, guda ɗaya da babu komai a ciki, mai hanyar wucewar bayanai ta PCIe 4.0. Kuɗin da na ware zai sayi ɗaya daga cikin uku: NVMe (irin SSD ɗin da ke shiga wannan gurbi) mafi sauri mai terabait 1, ko NVMe matsakaici mai terabait 2, ko faifan HDD, wato tsohon nau'in ma'ajiya mai juyawa, mai faɗi sosai. Wanne kuke ganin ya fi?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki matsakaicin mai terabait 2, kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Gaskiya ne SSD na SATA, wato tsohuwar hanyar haɗa faifai da kwamfuta, saurinsa yana tsayawa a kusan megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 yana kaiwa kusan 3,500, na PCIe 4.0 kuma kusan 7,000, amma wannan saurin karanta ƙaton fayil ɗaya ne a jere, alhali wasa ba haka yake karanta bayanansa ba. Ƙananan gutsattsari yake tsintowa daga wurare dabam-dabam, sannan ya jira firosesa ta warware su daga matsewar da aka yi musu, kuma a nan ne yawancin lokacin lodi yake tafiya. Shi ya sa idan ka jera NVMe mai tsada da matsakaici ka buɗe wasa ɗaya, da ƙyar za ka gane bambanci ba tare da agogo a hannu ba.

Babban tsallen yana tsakanin HDD da kowane irin SSD ne. Faifan HDD juyawa yake yi, sau 5,400 ko 7,200 a minti, kuma dole allurarsa ta tashi ta je inda bayanin yake kafin ta karanta, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kowane zuwa. SSD ba shi da wani abu mai motsi, don haka wannan jiran kusan babu shi.

Za ka ji ana maganar DirectStorage, wanda Microsoft ta fitar wa kwamfutocin Windows a 2022 domin wasa ya riƙa jan bayanai daga NVMe da sauri, har katin hoto ya karɓi aikin warware su. Forspoken ne ya fara amfani da shi a 2023, amma wasannin da suka rungume shi ba su da yawa, kuma NVMe matsakaici ma yana cin moriyarsa. Na PCIe 5.0 kuwa ka bar shi gaba ɗaya, gurbinka ba zai ba shi cikakken saurinsa ba, ga zafin da yake yi wanda ke buƙatar ƙarfen sanyaya mai kauri.

Mai Gyara ya amsa:

Na yarda da Malam Tsohon Hannu a kan abin da za a fara saye, amma ba na so a jefar da HDD gefe, saboda mai tambaya ya faɗi wani abu mai muhimmanci, wato intanet ɗinsa ba shi da sauri. Ga wanda sauke wasa yake ɗauka kwana biyu, HDD mai faɗi ma'ajiya ce ta gaske. Steam, manhajar saye da sauke wasanni, yana ba ka damar buɗe ma'ajiya a kan faifai fiye da ɗaya, kuma daga sashen saitin ma'ajiya kana iya mayar da wasa daga wannan faifai zuwa wancan ba tare da sake saukewa ba. Wasa mai gigabait 100 zai koma daga HDD zuwa SSD cikin 'yan mintoci, ba kwanaki ba. Tsofaffin wasanni da ƙanana ma kana iya buga su kai tsaye daga HDD ba tare da wata damuwa ba.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne buga sababbin wasanni masu faɗin duniya daga HDD, domin suna jan bayanai ne kana cikin tafiya, kuma idan faifan ya gaza sai hoto ya riƙa tsayawa, gine-gine su riƙa fitowa a makare. Starfield ya rubuta SSD a cikin sharuɗɗansa tun farko, Cyberpunk 2077 ma ya mayar da shi dole a 2023.

Idan lokacin sayen HDD ya yi, ka duba ko CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu na jera bayanai a kan faifai, ka zaɓi na CMR. Na SMR yana jera layukan bayanai wani a kan gefen wani, saboda haka canza ɗan abu kaɗan yakan tilasta masa sake rubuta maƙwabtansa, kuma sabunta babban wasa a kansa yakan ja lokaci ƙwarai. Sannan kafin ka sa komai a gurbin M.2 ɗin nan, ka karanta littafin babban allonka, domin a wasu alluna amfani da gurbi na biyu yana kashe wasu ramukan SATA.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Ɗan'uwa, tun da maganar ta karkata ga mai terabait 2, ka lura da irin ƙwayoyin da ke cikinsa. Na TLC yana ajiye bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) 3 a kowace ƙwaya, na QLC yana ajiye 4. Wajen karatu, wanda shi ne yawancin aikin wasa, QLC ba shi da laifi, amma idan ana rubuta masa abu mai yawa a jere, kamar kwaso ƙaton wasa daga HDD yadda Malam Mai Gyara ya bayyana, saurinsa yakan faɗi sosai bayan ɗan wurin da ya keɓe na saurin rubutu ya cika. Idan tazarar kuɗin ba ta da yawa, TLC ya fi. Batun ƙarewar SSD kuwa kada ya tayar maka da hankali, domin yawancin masu kyau na terabait 1 ana ba su garantin rubutun terabait 600 ko shekara 5, kuma mai buga wasa ba ya kusantar wannan adadi.

Ka sani kuma cewa terabait 2 zai fito a Windows a matsayin kusan gigabait 1,863, kuma bai kamata ka cika shi maƙil ba, saboda Steam yakan buƙaci ƙarin wuri na wucin gadi yayin sabunta wasa, har wani lokaci ya kusa girman wasan kansa. Ka kuma kwafe fayilolin ci-gabanka zuwa wani wuri dabam, domin ba kowane wasa ne yake ajiye su a Steam Cloud, ma'ajiyar Steam ta intanet, ba, kuma idan faifai ya mutu wasan zai sake sauka amma su ba za su dawo ba.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba littafin allon, gurbin bai haɗa hanya da ramin SATA ɗin da nake amfani da shi ba. Zan sayi na TLC mai terabait 2, in bar Windows a kan tsohon SSD, sai in tara kuɗin HDD na CMR daga baya.