Don Allah a taimaka, Disk ya maƙale a 100%

Salam 'yan uwa, masu sanin kwamfuta ku agaza min. Laptop ce tokunbo da na siya a Computer Village Ikeja, RAM 4GB, Windows 10 ce a kanta. Da na kunna ta sai Disk ya haye 100% a Task Manager (inda ake ganin aikin da kwamfuta ke yi) ya ƙi sauka, ko Chrome sai ta gama nishi kafin ta buɗe, ga wutar nan tamu ta Agege kafin ta daidaita an ɗauke, batirin kuma ba ya riƙe caji.

Na kashe SysMain (wani aikin Windows da ke loda manhajoji tun kafin a buɗe su), na rage abubuwan da ke tashi da ita, na cire antivirus ɗin da na tarar na bar Defender kaɗai, ta ɗan yi dama-dama amma dai har yanzu. Wani ya ce in kashe Defender ɗin ma, ni kam ban yarda ba don ina shiga banki da ita.

Ga kuma Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ta ƙi hawa wai sai da TPM 2.0 (wani chip na tsaro a cikin kwamfuta). SSD (disk mai sauri) zan sa in ƙara RAM, ko in bar Windows in koma tsarin Linux Mint kawai? In na koma, Word da Excel ɗina fa?