An ce mu yi musayar mahaɗi don shafinmu ya hau sama a Google, in yarda ko in bari?

Mai tambaya, daga Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar shafukan intanet. Mahaifina baduku ne a Wadata, yana ɗinka jakunkuna da takalma da matasai na fata. Tunda baƙi masu yawon buɗe ido suka ja baya ciniki ya yi sanyi, shi ya sa na buɗa masa shafi da Faransanci a WordPress, manhajar gina shafuka, na zuba hotunan kaya da lambar WhatsApp. In ka rubuta sunan shagon yana fitowa. Amma in ka nemi jakar fata a Yamai haka kawai, sai ka gaji da latsawa ba ka gan mu ba.

To wani ya aiko mini da saƙo ta imel, ya ce yana da shafuka da yawa a hannunsa. In buɗe wani sashe a namu in sa masa suna "abokan hulɗa", in jera mahaɗansu duka, wato link ɗin da ake latsawa a je shafinsu, su kuma kowanne zai sa namu. Kyauta ne. In kuma ba na son jera nasu, in ba da jika 30 su sa namu kawai. Na leƙa kaɗan daga ciki: ɗaya na cacar ƙwallo ne, ɗaya na maganin rage ƙiba, ɗaya na hayar gidaje a wata ƙasar Turai. Abin nan yana aiki kuwa? Kuma akwai haɗari?

Amsar wani mai gina shafuka, Yantala:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yarda, na kyautar da na kuɗin duka.

Abin da mutumin ya faɗa yana da tushe, shi ya sa yake kama mutane. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da suka zo da ita, PageRank, ita ce ƙirga mahaɗan da ke nuna shafi, kuma mahaɗin da ya fito daga shafi mai daraja ya fi nauyi. Kamar shaida ce gaban alƙali: wanda ba shi da wata riba a cikin maganar, in ya ce ya san ka, maganarsa na da ƙarfi. In kuwa alƙali ya ga ka yi masa shaida da safe shi ya yi maka da yamma, kuma bai ma san sana'arka ba, sai ya ajiye maganarku ku biyun. Kuma na'ura ba ta shan wahalar gano wannan, don duka mahaɗan biyu a fili suke.

Da can an ci kasuwa da wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. A watan Afrilu na 2012 Google ta fito da tsarin da ake kira Penguin, shafuka masu yawa da suka hau da mahaɗan bogi suka rikito. Daga 2016 ta shigar da shi cikin tsarinta na kullum, kuma galibi yanzu share irin waɗannan mahaɗan take yi, kamar ba a sa su ba. Wato mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne wahalar banza. Mafi muni shi ne ma'aikacinsu ya duba da idonsa ya sa wa shafin hukunci. Dokokinsu sun ambaci musayar mahaɗi da ta wuce kima, sun kuma ambaci sashen da aka buɗe don musayar kawai, wato daidai wannan "abokan hulɗa" da aka ce ka yi. Sayen mahaɗi don hawa sama shi ma yana cikin abin da suka hana.

Kada ka ce manya ba a taɓa su. A 2011 jaridar New York Times ta tono yadda kantin J.C. Penney na Amurka ke fitowa na farko a kaya iri-iri ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba ruwansu da tufafi. Kamfanin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami waɗanda ke yi masa aikin, amma Google ta saukar da shi.

Wani mai gidan abinci, Plateau:

Ni fa ban ga laifin abin ba. Na yi musaya da wani otel da wani mai hayar motoci, ba abin da ya same ni, har baƙi na zuwa suna cewa a shafin otel ɗin suka gan ni. Ku masana kun cika tsorata mutane.

Mai gina shafuka:

Alhaji, ai naka daban. Wanda ya sauka otel zai ci abinci, zai nemi mota. Ku uku baƙo ɗaya kuke yi wa hidima, ko babu Google a duniya za ku tura wa juna mutane. Wannan ba wanda ya hana. Amma me ya haɗa mai neman jakar fata da maganin ƙiba?

Wata ƴar kasuwa, Tawa:

Ɗana, ni ban san PageRank ba, amma na san abin da munka gani. Muna saida cuku da kilishi ga mutanenmu da ke ci-rani Abijan da Kwatano. Yaron da ya yi muna shafi ya jera muna irin waɗanga sunaye ƙasa, wai don mu hau. Ba mu hau ba. Abin da ya kawo muna kumandi shi ne ranar da wata ƙungiyar ƴan Adar mazauna waje ta rubuta labarinmu ta sa adireshinmu, ba mu biya ba, ba mu roƙa ba, ɗanɗanawa kawai sunka yi. Har yau mutane na biyowa ta nan. Kai da kake da uba mai sana'ar hannu, ka rasa abin nunawa? Ka ɗauke shi hoto yana yanka fata, yana rini, yana huda da basilla. Ka rubuta daga ina fatar take, in ta jar akuyar Maraɗi ce ka faɗi, masu saye sun san darajarta. Wannan shi ne abin da mutum ka gani ya tura ma wani.

Wata Hajiya, Bukoki:

Ku bar ma zancen Google. Shafi da sunan mahaifinka a sama, caca a ƙasa? Ka tambaye shi tukuna ka ji ko zai yarda. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Wani ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni:

Ƙarin bayani kaɗan, don in ka ƙi zai iya dawowa da sabon salo. Zai ce a yi ta uku: kai ka sa na wancan, wancan ya sa na wani, wanin ya sa naka, don kada a ga musaya kai tsaye. Abu ɗaya ne aka yi wa kwana, kuma shafukan galibi duk na mutum ɗaya ne. Sannan ko ka biya, ba ka da iko da shafinsu. Yana iya cire mahaɗinka bayan wata biyu, ko ya liƙa masa alamar nofollow, wadda aka fito da ita tun 2005 don a ce wa injin bincike "ban tsaya wa wannan ba". Kai kuma naka yana nan yana yi musu aiki. Ido ba ya ganin alamar, sai ka buɗe rubutun da ke bayan shafin.

Kuma ina ganin matsalarka ba ta mahaɗi ba ce ma. Wanda ya nemi abu a Yamai, sau da yawa taswira ce ke fara fito masa. Ka yi wa shagon rajista a Google Business Profile, inda ake sa shago a taswirar Google, kyauta ne, ka sa wurin daidai da lokacin buɗewa, ka roƙi waɗanda suka saya su rubuta ra'ayinsu na gaskiya. Ka buɗe Search Console, shi ma kyauta, zai nuna maka kalmomin da mutane ke rubutawa kafin su gan ka, da shafukan da suka riga suka sa mahaɗinka, kuma in akwai hukunci nan ake sanarwa. Ka rage nauyin hotuna. Da rezo irin namu, hoto ɗaya mai nauyi ya isa mutum ya rufe ya tafi kafin ya ga jakar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na karanta wa Baba amsarki, ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba ya so. To ga wata: majemin da muke sayen fata wajensa ƙungiyarsu na da shafi, kuma akwai wata mata a Faransa da ke sarin jakunkunanmu tana saidawa a nata. In na sa nasu suka sa namu, shi ma laifi ne? Matar ta ce in za ta sa mu a fuskar shafinta sai mun rage mata kuɗin kaya.

Mai gina shafuka:

Na majema ka sa, ba komai. Sai dai kada ka jera shi a wani lungu. Ka sa shi cikin bayanin fata, inda kake faɗin wanda ya jeme ta, su ma su ambace ku inda suke nuna abin da ake yi da fatarsu. Ta Faransa kuwa, in ta rubuta ƙarƙashin jakar cewa wane ne ya ɗinka a Yamai ta sa mahaɗi don kanta, wannan ya fi duk abin da mai imel zai ba ka. In da rangwame ne, ya zama talla, don biya da kaya ma biya ne a wajen Google. Ba a hana talla ba, amma ta sa masa alamar sponsored, wadda aka ƙaro a 2019 don irin wannan. Ba zai ɗaga ku a bincike ba, sai dai ya kawo masu saye. Ka ce mata ku gwada wata uku, ka duba mutum nawa suka shigo ta wajenta da nawa suka yi magana a WhatsApp, sannan ku zauna da Baba ku ga ko rangwamen ya fita.