Ninhydrin ya nuna amino asid sun ragu, amma wanne yis ya fara ci?

Ɗaliba_Maikro: Salamu alaikum. Ina aikin kammala digiri a kan ruwan tsiron dawa, irin wanda kamfanonin giya a Najeriya suka koma wa bayan an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Na zuba masa yis yana ruɓawa. Nakan ɗebi samfuri kullum da safe in auna amino asid (tubalan furotin, waɗanda yis ke ci) da ninhydrin, sinadarin da ke canza launi in ya haɗu da su. Ina karanta launin a tsawon zangon haske 570 nm, amino asid ɗin glycine ce ma'aunina. Adadin ya faɗi sosai a kwana biyun farko, daga nan ya tsaya cak. Malamina kuma so yake in faɗi wane amino asid ne ya tafi. Ta ina zan ɓullo?

Malam_Kemistri: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ninhydrin jimla kawai yake ba ki, ba ya rarrabewa. Sai dai HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna kowanne daban. Yis ba ya cin amino asid duka a lokaci guda. Masu bincike Jones da Pierce sun kasa su gida huɗu tun 1964, bisa saurin yadda yis ke cin su. Su glutamine, asparagine, serine, threonine da lysine yake fara wawura. Valine, leucine da isoleucine a hankali yake jan su. Glycine, alanine da tryptophan sai na farko sun ƙare yake waiwayarsu. Proline kuwa, in babu iska a tulun, kusan yadda kika zuba ta haka za ki tarar da ita. Ki sa ido a kan valine musamman: in ta yi ƙaranci yis zai ƙera tasa, a hanyar ce diacetyl ke fitowa, wani sinadari mai warin man shanu.

Baban_Lab: Ƙari kan na Malam: in za ki kai HPLC, ki tambayi masu na'urar ko OPA kaɗai suke amfani da shi, wato sinadarin da ake haɗawa da amino asid don na'urar ta gan su. Ba ya kama proline, sai an haɗa da wani sinadarin, FMOC. Sannan da kin ɗiba ki juya a santirifuj (na'ura mai juyawa da sauri) nan take don ware yis, ki daskarar, in ba haka ba yis zai ci gaba da cin abincinsa a cikin kwalbar. Samfuri ɗaya a rana ma ya yi kaɗan a farkon.

Ɗaliba_Maikro: Na gode ƙwarai. Kuɗin HPLC ɗin fa, da nauyi.

Baban_Lab: To kar ki kai duka. Zaɓi na farko, na awa 12, 24, 48 da na ƙarshe. Sauran ninhydrin ya ishe su.