Ƙusar kan shoka ta karye, walda ko canji?

Assalamu alaikum, masana mota ku taimaka. Corolla ce 2005. Jiya ina ɗaure noti ukun da ke riƙe kan shokar gaba, ɓangaren direba, na matsa da yawa, ƙusa ɗaya ta karye daidai gindi. Laifina ne, na ƙara wa sifana bututu.

Makanikena ya ce a yi walda kawai, ni kuwa ina tsoron wuta ta cinye robar da ke ciki. Shin za a iya doke guntun ya fita, a zura sabon bolti daga ƙasa? Ko dole in nemi wani kan shokar a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da ke Kano, a matse sifirin a canza?

Sannan ƙusa biyu za su kai ni gareji lafiya? Hanyarmu duk ramuka ce.