Me ya sa babu cikakkiyar lamba tsakanin 8,128 da 33,550,336?

Baban Hafsa, Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata ce ta zo min da aikin gida, ni kuwa lissafina bai wuce awon yadi da ƙirga riyal a shagon ɗinki ba. An koya musu cewa 6 cikakkiyar lamba ce, domin in ka tara lambobin da ke raba ta ba ragowa, ban da ita kanta, wato 1 da 2 da 3, sai 6 ɗin ta dawo. Na gwada 28 a bayan takardar awo: 1, 2, 4, 7, 14, ta fito cif. Wallahi abin ya burge ni. Daga nan 496, sai 8,128, sai kuma tsalle har 33,550,336. Wannan tazarar ce ta tsaya min a rai. Da gaske babu ko ɗaya a tsakani, ko dai ba a bincika da kyau ba?

Malamin lissafi, Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. An bincika, kuma akwai dalili. Ka fara daga 1 kana ninkawa kana tarawa: 1 da 2 sun ba da 3, ƙara 4 ya zama 7, ƙara 8 ya zama 15. Duk inda jimillar ta faɗa kan lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, ka buga ta da lambar ƙarshe da ka ƙara. 7 sau 4, ga 28. 127 sau 64, ga 8,128. Wannan ƙa'ida tana cikin littafin Iƙlidis, masanin lissafi Bagirke, tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Bayan 127 ne hanya ke tsawo. 255 da 511 da 1,023 duk suna rabuwa. 2,047 ce mai ruɗin mutane, kamar ba za ta rabu ba, alhali 23 sau 89 ce. 4,095 kuwa 5 ta raba ta. Sai a 8,191 ake dacewa, kuma 8,191 sau 4,096 shi ne 33,550,336 ɗinku.

Maman Sadiq, Madina:
Malam, to ba za a sami wata da ta ɓuya wajen wannan ƙa'idar ba?

Malamin lissafi, Jidda:
Hajiya, cikin masu rabuwa biyu daidai babu, masanin lissafi Euler ya tabbatar da haka a ƙarni na 18. Cikin waɗanda ba sa rabuwa biyu daidai kuwa har yau ba a ga cikakkiya ko guda ba, kwamfuta ta lalube har ta wuce wannan tazarar nesa ƙwarai, amma ba a kawo hujjar cewa babu ita kwata-kwata ba. Zuwa 2024 cikakkun da aka sani 52 ne kacal.

Baban Hafsa, Makka:
Allah ya saka da alheri Malam. Hafsa na tambaya, lambobi nawa za ta tara in tana son gwada babbar da hannunta?

Malamin lissafi, Jidda:
Guda 25. Ta rubuta 1, 2, 4 har 4,096, guda 13 ke nan. Sannan 8,191, ta riƙa ninka ta har 16,775,168, guda 12. Ta tara su duka da kalkuleta.