Ta ina za a fara sauraren kiɗan karkarar Amurka?

Mun daɗe muna hira da abokai masu son kiɗan alt-country, wato kiɗan karkarar Amurka da aka gauraya da rock, kan inda sabon shiga zai fara. Ga abin da na tsinta.

Mafi yawansu sun ce a koma tushe: waƙoƙin da iyalan Carter suka naɗa a garin Bristol na jihar Tennessee a 1927. Sautin ya tsufa, amma za ka ji jita da murya tsagwaronsu, ba ado. Daga nan sai ka tsallako zuwa Uncle Tupelo, ƙungiyar mawaƙa samarin garin Belleville na jihar Illinois da suka gauraya tsohon salon da ƙarar rock a faifansu na 1990. Da suka watse a 1994 aka samu ƙungiyoyin Wilco da Son Volt daga cikinsu.

Shawarar da ta fi shiga raina ta banjo ce, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Wani ya ce ka kashe fitila, ka bi amonsa shi kaɗai. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinsa can: ƙwarya, fata da tsirkiya, kamar gurminmu. Na gwada da daddare, sai da tsigar jikina ta tashi.

Sun kuma nace a saurari faifai daga farko har ƙarshe, kada a riƙa tsintar waƙa ɗai-ɗai.