Sharuɗɗan shiga kwas ɗin gwajin barci a Amurka

Abin da masu aikin suka fi nanatawa shi ne, kafin ka biya ko sisi, ka tabbata CAAHEP, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan aikin lafiya, ta amince da kwas ɗin, don shi ke buɗe hanyar jarrabawar RPSGT, wato ta samun shaidar ƙwarewa a aikin gwajin barci, kai tsaye.

Takardar sakandare ko GED (takardar da ke daidai da ta sakandare) dole ce. Shaidar BLS kuwa, wato horon ceton rai na gaggawa, ta intanet zalla ba ta cika karɓuwa ba, sai ka danna ƙirjin mutum-mutumi a gaban malami.

Inda ake yawan makara shi ne rigakafin ciwon hanta nau'in B: a tsarin da aka saba allura 3 ce, ta ƙarshe a wata na 6, kuma asibitocin da ake koyon aikin a cikinsu kan nemi shaidarta. Akwai gwajin tarin fuka, na shan miyagun ƙwayoyi, da binciken tarihin laifi. Koyon aikin kuma yawanci kwana ake yi.